Fiyus ɗin fitilun baya yana ta ƙonewa, in saka babba ko yaya?

Mai Salun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana wayarin mota ku taimaka min da shawara. Shekaranjiya da daddare ina tuƙi kawai sai na ga hasken dashbod ya ɗauke, bana ganin allurar gudu balle ta mai, amma da yake fitilun gaba suna ci lafiya lau ban tsaya ba, sai da wani bawan Allah ya jero da ni yana min nuni da hannu na sauke gilas yake ce min ai bayana duhu ne ƙirin ko ɗigon ja babu. Wlh sai da gabana ya faɗi don iyalina na ciki, kuma babbar mota za ta iya zuwa ta baya ba ta gan mu ba. Washegari da safe na buɗe akwatin fiyus na ƙarƙashin sitiyari na samu wani ja mai lamba 10 ya tsinke a ciki, na saka sabo komai ya dawo, da yamma ya sake ƙonewa. Yau ma na saka wani ya tafi. Wani abokina yace in daina wahalar da kaina in saka mai 20 ko 30 kawai in huta. Ya kuka gani?

Oga Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. Alhaji dan girman Allah kar ka saka. Abokin naka da zuciya ɗaya ya faɗa amma shawarar za ta iya cinye maka mota. Fiyus ba fitila yake gadi ba, waya yake gadi. An zaɓi 10 ne saboda siririyar wayar da ta taso daga akwatin ta bi ƙarƙashin kafet ta kai har but iya abinda za ta ɗauka kenan ba tare da ta yi zafi ba. Idan ka saka 30 matsalar tana nan inda take, bambancin kawai yanzu fiyus ba zai yarda ya mutu ba, to wa zai mutu? Wayar. Kuma ita ba a fili take mutuwa ba, a cikin damin wayoyi take narkewa ta narkar da na kusa da ita. Fiyus ɗin da ya ƙone sau ɗaya zan iya cewa tsufa ne ko ruwa ya taɓa wani wuri. Wanda ya ƙone sau uku a kwana uku magana yake maka, akwai inda waya ta feɗe tana taɓa bodi.

Tsohon Direba:
Oga ina ganin girmanka amma ku mutanen yanzu kun cika tsorata mutane. Shekara talatin da wani abu ina riƙe da sitiyari, sau nawa fiyus ya ƙone min a daji tsakar dare na naɗa masa takardar gwangwani ta kwalin sigari ko silin waya na mayar na iso gida lafiya? Mota ko ɗaya bata taɓa kamawa da wuta a hannuna ba. Wanda bai taɓa kwana a hanya ba shi ke cewa kar a yi.

Oga Mai Wayarin:
Baba Allah ya ƙara girma, ban musa maka ba, kuma na san dare a hanya ba abin wasa bane. Amma in ka duba lokutan da ka yi haka ka tsira, yawanci fiyus ɗin da kansa ya gaji ko kuma abinda ya ƙona shi ya taɓa ne sau ɗaya ya saki. Na Alhaji ba haka yake ba, nashi yana dawowa. Ni abinda nake gani ba a hanya nake ganinsa ba, a gareji nake ganinsa bayan an jawo motar. Na sha buɗe dashbod in tarar da wayoyi goma sha sun manne sun zama dunƙule ɗaya kamar an dafa su, in na bi sawu sai in tarar da silin waya a gurbin fiyus. Wanda ya tsira yana zuwa ya bada labari, wanda motarsa ta ƙone ba kasafai yake sanin ma me ya jawo ba.

Injiniya:
Bari in saka lissafi a maganar ko za ta fi fitowa. Wutar da abu ke ja, wato amfiya, ana samunta ne in ka raba wat da bolt. Ƙwan fitilar baya wat 5 ne, haka na lambar mota, haka ƙananan na gaba da ake kira fakin. A ce guda takwas ne duka, wat 40 kenan, ka raba da bolt 12 ka samu amfiya 3 da ɗan ɗoriya, ka ƙara 'yan ƙananan ƙwayayen dashbod, da kyar a kai 4 ko 5. Kenan fiyus mai 10 ya ishe su har da rara mai yawa, ba wai ya yi musu kaɗan bane. In har ya ƙone to wutar da ta bi ta cikinsa ba ta fitilu bace, hanya ta samu ta zarce bodi kai tsaye. Sannan abinda mutane basa lura da shi, zafin da waya ke yi ba daidai da wutar yake ƙaruwa ba, ninkin-ba-ninki yake. Wuta ta ninka biyu zafi ya ninka huɗu, ta ninka uku zafi ya ninka tara. To daga 10 zuwa 30 ka ba wa wayar izinin yin zafi sau tara kafin wani abu ya tsayar da ita. Takardar gwangwani kuwa babu wanda ya san a nawa za ta yanke, ita ce babbar illarta.

Tsohon Direba:
Lissafin na ji shi. Amma ku faɗa min me mutum zai yi in dare ya yi masa babu shago babu kowa? Ya zauna yana kallon mota?

Oga Mai Wayarin:
A'a Baba, ya ara. Akwatin cike yake da fiyus ɗin abubuwan da za ka iya tafiya babu su. Ka cire na rediyo ko na wurin cajin waya ko na fitilar cikin mota, in dai lambarsu ɗaya, ka saka a na fitilun. In babu mai lamba ɗaya ka saka wanda ya gaza shi, misali 7.5 a gurbin 10, iyakaci ya ƙone da wuri, ba zai cutar da komai ba. Ƙasa ana sauka, sama ne ba a hawa. Waɗanda ba a taɓawa su ne na birkin ABS, na jakar iska, na famfon mai da na kwamfutar inji. Kuma motoci da yawa suna zuwa da sifiya, wato fiyus na ajiya, guda biyu uku a maƙale jikin murfin akwatin ko a gefen layin, mutane na shekara goma da mota basu san suna nan ba.

Hajiya Mai Farar Mota:
Sannunku da ƙoƙari. Ni fa ku yi haƙuri ku dawo da ni baya, duk wannan maganar ban ma san ina akwatin yake a tawa motar ba. Wurin cajin wayata ya daina aiki kusan sati biyu, na sayi sabuwar caja har biyu duk shiru. Shima fiyus ne? Kuma abu ne da zan iya dubawa da kaina ko sai na kai gareji? Ina tsoron wuta ta ja ni.

Ɗan Koyo:
Hajiya barka da yamma. Ba za ta ja ki ba in shaa Allah, bolt 12 ne, ko kin taɓa ba za ki ji komai ba. Abinda ake kiyayewa shi ne kar ƙarfe ya haɗa wuri biyu ya yi tartsatsi, don haka ki cire zobe da awarwaro in na ƙarfe ne, ki kashe mota ki zare makulli. Yawancin motoci akwati biyu ne, ɗaya a cikin bonet kusa da batir baƙi mai murfi, ɗaya a cikin mota, ko ƙarƙashin sitiyari wajen gwiwar direba, ko a gefen dashbod inda ƙofa ke rufewa, ko bayan durowar gaban fasinja. Wasu har a but suna da na uku. In kin buɗe murfin ki juya shi za ki ga zane da sunan kowanne, in ya goge yana cikin littafin motar. Naki ki nemi wanda aka rubuta CIG ko POWER OUTLET ko aka zana sigari, yawanci na cikin mota ne. Akwai ɗan matsefin roba fari ko rawaya a cikin akwatin bonet, da shi ake cirowa, ki kama kan fiyus ɗin ki ja miƙe kar ki murɗa. Ki ɗaga shi ga haske, tsakanin ƙafafunsa biyu akwai siririn ƙarfe a lanƙwashe, in ya rabu ya ƙone. Kafin ki cire komai ki ɗauki hoton akwatin da wayarki, kuma ɗaya bayan ɗaya ake cirewa a mayar, kar ki zare biyar ki rasa gurbin kowa.

Oga Mai Wayarin:
Yaro ya yi bayani daidai. Abu ɗaya zan ƙara Hajiya, kafin ki saka sabo ki haska cikin ramin cajin da tocila. Sau da dama kwabo ne ko fil ko guntun kan tsohuwar caja ya faɗa ciki ya haɗa tsakiya da gefe, in baki cire ba sabon ma take zai tafi. Haka famfon iskar taya da ake jonawa a nan, wasu suna jan wuta fiye da ƙarfin ramin. In fiyus ɗin 15 ne iyakarsa wat 180 kenan a lissafin Injiniya, wasu motocin ma a jikin murfin ramin an rubuta wat 120 kar a wuce.

Mai Tasi:
Ni kala nake bi ban taɓa karanta lamba ba. Ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari 25, kore 30. Ruwan ƙasa 7.5, mai kalar ƙasa-ƙasa mai haske 5. Duk motar da na riƙe haka na gani.

Injiniya:
Malam kalolin da ka jero daidai ne ga ƙananan masu ƙafa biyu, an daidaita su ne tsakanin kamfanoni shi yasa kake ganinsu iri ɗaya. Wannan samfurin na roba kamfanin Littelfuse ne ya fito da shi a 1976, kafin nan na gilas ne masu kama da ɗan bututu, motocin Turai kuma irin tsofaffin Mercedes da Volkswagen suna da wani mai tsini kai da gindi wanda ƙarfen yake a waje. Amma kar ka dogara da kala kaɗai. A manyan da ake kira maksi ja 50 ne shuɗi 60, a waɗancan tsofaffin na Turai kuma ja 16 ne fari 8. Ga rana da zafin inji suna koɗar da kala, ruwan ƙasa da ja sai su rikice maka da daddare. Lambar na nan a rubuce a ka, daƙiƙa ɗaya ce. Sannan girman jiki ma kala-kala ne, akwai na daidai, akwai mini, akwai gajeren mini, akwai maikro, don haka in za a sayo a tafi da wanda ya ƙone a hannu.

Mai Tasi:
Toh wannan na maksi ban sani ba gaskiya. Na gode.

Ɗan Koyo:
Kuma ido ma yana yaudara wani lokaci, akwai wanda zai tsage siriri kamar gashi ka kalla ka rantse lafiyarsa ƙalau. Oga na ya koya min da testa mai ƙwai, ba sai ka cire ko ɗaya ba. Ka maƙala matsefin wayarsa mai kama da bakin kada a bodi inda babu fenti, ka buɗe makulli, a saman kowane fiyus akwai 'yan ramuka biyu da ƙarfe ya leƙo, ka taɓa na dama ka taɓa na hagu. Duka biyu sun kawo haske lafiya lau. Ɗaya ya kawo ɗaya bai kawo ba, shi ne ɓarawon. Duka basu kawo ba to wuta ce bata zo layin ba, kamar na Alhaji sai an kunna fitila tukuna. A minti biyu za ka gama akwati gaba ɗaya. In mitar awon wuta gare ka sai ka ciro shi, ka juya mitar zuwa wurin da take ƙara ka taɓa ƙafafunsa biyu, ta yi ƙara yana da rai.

Oga Mai Wayarin:
Mu koma kan Alhaji don har yanzu motarsa babu fitila. Alhaji tambaya uku. Da ka saka sabo take yake ƙonewa kana kunna fitila ko sai an jima? An taɓa maka wani aiki kwanan nan, canza ƙwai, saka rediyo, kyamarar baya, gyaran bamba? Sannan wanda ya ƙone ɗin ya kake ganinsa, tsinkewa ce kawai tsaf ko cikin robar ya yi baƙi?

Mai Salun:
Oga ba take yake ƙonewa ba, jiya sai da na yi tafiya mai ɗan nisa da fitila a kunne ba abinda ya faru. Ba a min aikin komai ba kusan wata shida. Na duba guda biyun da ke hannuna yanzu, cikinsu ya yi baƙi kamar hayaƙi ya bugi robar, ƙarfen ma ya watse ba tsinkewa kawai ba. Wani abu da na tuna yanzu da kake tambaya, jiyan na tsaya na ɗauki kaya na bar fitila a kunne na buɗe but na rufe, da na shigo ne na ga dashbod duhu. Yau ma inaga bayan na rufe but ne.

Oga Mai Wayarin:
Madalla, ka kusa kama shi da kanka. Baƙin nan yana nufin wuta mai yawa ce ta bi ta lokaci guda, waya ce ta taɓa bodi, da lodi ne ya ɗan yi yawa a hankali zai narke ya rabu babu baƙi sosai. Fitilar lambar motarka a jikin murfin but take ko? To wayarta ta wajen hinjin murfin take bi, cikin wata roba mai kama da maƙogwaro ko a ɗaure jikin ƙarfen hinjin. Kullum ka buɗe ka rufe tana lanƙwashewa, shekara da shekaru sai rigarta ta tsage. Kuma layinta ɗaya da fitilun baya da hasken dashbod, shi yasa suke tafiya tare. Ka kashe fitila, ka zame robar nan baya, ka bi wayoyin ɗaya ɗaya da yatsa kana lanƙwasa su a hankali. In baka gani da ido ba kar ka yi ta ƙona fiyus wajen gwaji, ka samu ƙwan sigina ka jona masa waya biyu ka soka a gurbin fiyus ɗin, ka kunna fitila, wani ya riƙa motsa murfin but kai kana kallon ƙwan. Duk inda ya haska da ƙarfi nan ne wayar ta taɓa. Ƙwan ba zai bar wuta mai yawa ta wuce ba don haka babu abinda zai ƙone.

Injiniya:
Dabarar tana da kyau ƙwarai Oga, gyara ɗaya kawai. Ƙwan sigina wat 21 ne, fitilun da ke layin sun fi shi jan wuta, don haka ko babu matsala zai yi haske sosai, Alhaji ba zai gane bambanci ba. Ya yi amfani da ƙwan fitilar gaba mai wat 55, shi zai tsaya dishi-dishi in lafiya, in wayar ta taɓa ya buɗe gaba ɗaya. Bai kai amfiya 5 ba, wayar za ta ɗauka. Sai dai yana zafi sosai kar a ajiye shi kan kafet ko kujera.

Oga Mai Wayarin:
Gaskiyarka Injiniya, ni nakan zare ƙwayayen baya ne tukuna shi yasa na sigina ke min aiki, na manta ban faɗa ba. Alhaji ka bi na Injiniya ya fi sauƙi.

Hajiya Mai Farar Mota:
Jama'a na samu! Yana gefen dashbod, shuɗi mai 15, ya rabu a tsakiya. Na haska ramin kamar yadda Oga yace sai ga ɗan ƙarfen kan tsohuwar cajata a kwance a ciki, na zaro shi da tsinken roba bayan na zare makulli. Akwai sifiya a murfin na saka, waya na caji yanzu haka. Allah ya saka muku da alheri, ban taɓa zaton zan iya ba.

Ɗan Koyo:
Amin Hajiya. Ki tuna ki mayar da sifiyar da kika ɗauka don gaba.

Mai Salun:
Alhamdulillah nima ga rahoto. Ban ma kai ga gwajin ƙwai ba, ina zame robar hinjin hagu na ga waya biyu rigarsu ta tsage, ɗaya jan ƙarfenta a waje har ta yi wa fentin wurin ɗan baƙin tabo inda take tartsatsi. Ɗayar saura sili biyu uku ta rabu. Na naɗe su da tef na saka mai 10, na buɗe but na rufe ya fi sau ashirin da fitila a kunne bai ƙone ba. Da na ga tabon nan jikina ya yi sanyi, kafet ɗin but yana dab da wurin.

Tsohon Direba:
To wannan kam da ni ne a hanya da silin waya zan saka, kuma ga inda zai kai ni. Na karɓa. Amma maganar aro daga na rediyo ita na fi riƙewa, ita ce za ta yi wa direba amfani da daddare.

Oga Mai Wayarin:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Alhaji tef ɗin nan na yau da gobe ne kawai, wurin motsi ne zai zame, ga zafi yana sa gam ɗinsa ya saki. Ka kai wa mai wayarin ya yanke ɓangaren da ya lalace gaba ɗaya ya saka sabuwar waya mai laushi mai kauri ɗaya da ta asali, kuma ka ce masa mahaɗar kar ta faɗo daidai inda ake lanƙwasawa, ɗaya ta kasance can cikin bodi ɗaya can cikin murfi, ya rufe da robar da ake ƙonawa ta matse. Ya duba sauran wayoyin da ke cikin robar tunda shekarunsu ɗaya, musamman ta makullin but da ta fitilar ribas in ta nan suka bi.

Mai Salun:
In shaa Allah gobe da safe zan kai. Tambaya ta ƙarshe Oga, da nake dubawa na ga wani kore mai 30 a akwatin bonet robarsa ta ɗan narke ta gefe amma ƙarfen ciki bai rabu ba, a murfin an rubuta na fanka ne. Shima in canza?

Oga Mai Wayarin:
Ka canza, amma canjin kaɗai ba zai isa ba. Roba ta narke ƙarfe bai yanke ba yawanci bakin da ke riƙe ƙafar fiyus ɗin ne ya saki ko ya yi tsatsa, wuta na wucewa da kyar sai wurin ya yi zafi. Ko kuma fiyus ɗin jabu ne, akwai waɗanda lambar jiki daban ƙarfen ciki daban, basa yankewa a inda ya kamata. Ka nuna wa mai wayarin goben, ya cire kan batir na negatif tukuna ya goge bakin ya matse shi, in ya ƙone ya canza shi, sannan ya auna wutar da fankar ke ja don in ɗan injin da ke juya ta ya fara tauri tana ja fiye da da. Kafin nan ka riƙa kallon allurar zafi in kana cikin cunkoso.